Ƙwarewa ba ta tallar kanta: Ina masu sana'ar fasaha za su sami abokan ciniki?

A 'yan shekarun nan babu abin da ake kwaɗaita wa matasanmu kamar koyon fasahar zamani. A ƙarshen shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku. Hukumar NITDA da cibiyoyi irin su CITAD a Kano da CoLab a Kaduna da nHub a Jos suna nasu ƙoƙarin, jami'o'i kuwa duk shekara sai sun yaye dubban masu digiri a kimiyyar kwamfuta. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba ranar raba takardun shaida: bayan an koya, wa zai biya?

Kowa ya san aikin albashi ba zai ishi waɗannan matasa ba. Da yawansu za su zama masu cin gashin kansu, wato su riƙa gina shafukan intanet, ko kafa manhajar lissafi, ko haɗa kwamfutocin ofis, ko ba da shawara kan tsaron bayanai, a biya su gwargwadon aikin da suka yi. Tsofaffin ɗalibai da ke dawowa gaishe mu a jami'a, kukansu kusan ɗaya ne. Ba wanda ke cewa aikin ya gagare shi. Abin da suke faɗa shi ne sai su yi wata biyu ko uku ba wanda ya kira su. Ra'ayina shi ne mafi yawansu suna neman abokin ciniki ne a inda ya fi wuyar samu, suna kuma nemansa ta hanyar da ba ta dace da yadda ake ƙulla ciniki a ƙasar nan ba.

Dala da kwangilar gwamnati

Wurare biyu ne suka fi jan hankalin sabon shiga. Na farko shi ne dandalin neman aiki na ƙasashen waje, irin su Upwork da Fiverr. Dalilin a fili yake. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin Dala a hukumance a kan kimanin Naira 460, amma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Aikin Dala 500 da a da bai wuce Naira dubu 230 ba, sai ya koma Naira dubu 750. Wa zai ga wannan bai yi kwaɗayi ba?

Abin da ba a faɗa wa matashi shi ne yanayin kasuwar da zai shiga. Kowane aiki aka tallata, gomman mutane ne daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da Filifins za su yi masa rubdugu, wasunsu sun shekara goma suna tara yabon waɗanda suka yi wa aiki. Mai ba da aiki a Amurka ko Ingila bai san kowa a cikinsu ba, don haka wannan yabon yake dubawa, sabon shiga kuwa ba shi da ko ɗaya. A Upwork ma sai ka sayi makin neman aiki kafin ka miƙa tayi, idan ka samu kuma dandalin ya cire kasonsa. Ga matsalar wutar lantarki, ga tsadar data, ga buƙatar Turanci mai kyau a rubuce da baki. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 kuma, da yawa daga ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su, mai aikin da kansa yana iya yi cikin minti kaɗan. Akwai 'yan Arewa da suka yi nasara a can, kuma sun cancanci yabo. Amma wanda ya je da ayyuka biyar da ya riga ya kammala a gida, da sunayen waɗanda za su shaide shi, ya fi wanda ya je da takardar kwas kaɗai damar tsayuwa.

Wuri na biyu shi ne kwangilar gwamnati. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta suna buƙatar kamfani mai rajista da takardar shaidar biyan haraji da takardun hukumomi irin su PenCom da ITF da NSITF kafin ma a duba tayinka a matakin tarayya. Ko an ba ka aikin, kai za ka zuba jari ka yi, sannan ka jira biya. Ɗan kwangila mai ƙarfi yana iya jira shekara guda. Matashin da jarinsa kwamfuta ɗaya ce da kuɗin data, jiran wata shida ya isa ya tashe shi daga sana'ar.

Kasuwar da ke bakin ƙofa

Binciken da hukumar SMEDAN ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya. Gaskiya ne mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, ba za su iya biyan ƙwararre ba. Amma a samansu akwai wani rukuni mai kauri da ke juya miliyoyi a mako: dilolin kayan masarufi a Kasuwar Singa, masu atamfa da shadda a Kantin Kwari, masu fitar da riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau, masu injinan casar shinkafa, gidajen mai, makarantu da asibitoci masu zaman kansu, manyan shagunan magani, kamfanonin sufuri. Irinsu suna nan a Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Gombe da Yola. Da yawansu har yau lissafinsu yana cikin littafi mai bango da kuma kan maigida.

Abubuwa da dama sun faru da suka sa wannan tsari ya fara gazawa. Sauya fasalin Naira da Babban Banki ya sanar a watan Oktoban 2022, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, sun tilasta wa 'yan kasuwa karɓar tiransifa da na'urar POS. Yau ɗan kasuwa ɗaya yana iya samun asusu a banki biyu, ga Moniepoint, ga OPay, kuɗi na shigowa ta ko'ina, amma da dare ba ya iya cewa ga kuɗin da ya dace da kaya kaza. Ga masu turo alat na bogi. A ɓangaren ilimi, JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zana ta a waje a 2024, don haka makarantar da ba ta da ɗakin kwamfuta mai aiki za ta rasa ɗalibai. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane, har da asibiti da makaranta. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 za su ƙara matsa wa 'yan kasuwa su riƙe rubutaccen lissafi. Wanda kuma ya tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ya san cewa idan shago ya ƙone, littafin bashi yana ƙonewa tare da kaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da wani zai biya a yi masa. Abin da ya rage shi ne yadda za a isa wurin mai biyan.

Harshen da ɗan kasuwa ke ji

Kuskuren farko yana faruwa ne da buɗe baki. Matashi ya shiga shago da kwamfutarsa, ya fara ambaton sunayen manhajoji da harsunan shirya su, yana cakuɗa Hausa da Turanci. Alhaji ya saurare shi cikin ladabi, ya ce “to, Allah Ya yi albarka, za mu neme ka.” Duk wanda ya san kasuwa ya san an sallame shi ke nan. Da ya ce, “Alhaji, kullum ƙarfe tara na dare za ka ga a wayarka katan nawa ya fita daga sito, nawa aka biya, nawa ya tafi bashi, kuma hannun wa,” da an matso masa da kujera.

Ba a iya faɗar wannan jimla sai an san ciwon mutum, ba a kuma sanin ciwon sai an zauna an tambaya. Ziyarar farko ta sauraro ce. Yaya kaya ke shigowa? Wa ke rubutawa? Ina aka fi samun saɓani? Yaushe aka yi asarar da ta fi ci maka rai? Yini ɗaya a bakin shago yana koyar da abin da zango guda a aji ba ya koyarwa. A nan ne ma mutum zai gane cewa wani lokaci maganin bai wuce jadawalin Excel mai tsari ba, ko kundin kaya a WhatsApp Business. Ƙwararren da ya gaya wa ɗan kasuwa cewa ba ya buƙatar abu mai tsada ya rasa ɗan kuɗi a ranar, amma ya sami mutumin da zai riƙa ambatonsa a majalisa.

Akwai kuma tsoro iri biyu da ba a furtawa. Maigida yana tsoron sirrin dukiyarsa ya fita, ko ga abokan hamayya ko ga 'yan uwa ko ga hukuma. Yaran shago kuwa suna tsoron na'urar da za ta ƙirga abin da a da ba a ƙirgawa, wasu don rashin gaskiya, wasu don fargabar a ce ba su iya ba a sallame su. Manhajoji da yawa sun mutu a shaguna saboda waɗanda za su yi amfani da su ba su so su ba. Mai hankali yana jawo babban yaron shago tun farko, ya koya masa, ya bar shi ya zama gwanin abin a gaban maigida.

Darasin maigida da dillali

A farkon shekarun 1960 wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1969. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ake ba mahauta shanu bashi na maƙudan kuɗi ba tare da banki ko rubutacciyar yarjejeniya ba. Sirrin yana wurin maigida da dillalansa. Falke ya zo daga Arewa bai san kowa ba, maigida ya sauke shi, dillali ya haɗa shi da mai saye, maigida ya tsaya a kan cewa za a biya. Baƙo yana cin albarkacin sunan wanda ya tsaya masa.

Wannan tsari bai mutu ba. Ɗan kasuwar da zai buɗe maka littafinsa yana son ya san wanda zai kai wa ƙara idan ka ɓata. Saboda haka tambayar da ta kamaci sabon shiga ita ce: wa zai tsaya mini? Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna a wani nazari da ya wallafa a 1973 cewa mutane sun fi samun labarin aiki ta hannun waɗanda sani ne kawai tsakaninsu, fiye da aminai na kusa. Dalili kuwa, amininka waɗanda ka sani su ya sani, amma wanda kuke gaisawa jefi-jefi yana shiga inda ba ka shiga.

Su wa ke nan a wannan sana'a? Akantan da ke duba littattafan kamfanoni goma. Mai saka sola da kyamarar tsaro, wanda kullum yana cikin ofisoshi da gidajen mai. Mai gyaran kwamfuta da firinta. Mai ɗab'in rasit da katin sakamakon jarrabawa. Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa. Duk waɗannan suna jin koken da kai za ka iya magancewa, kuma ba gasa suke yi da kai ba. A je musu da ƙafa, domin zumunci a ƙafa yake, a nuna musu aiki, a yi maganar la'ada a fili tun kafin ciniki ya faɗa. Sai dai a kiyaye iyaka. La'adar dillalin da kowa ya san matsayinsa halal ce a kasuwa. Kuɗin da aka ba ma'aikacin kamfani a ɓoye don ya karkato da aikin maigidansa cin hanci ne, kuma ranar da ya fito sunan mai bayarwa ne zai fara zubewa.

Wannan hanya ta fi yin aiki ga wanda ya zaɓi fage ɗaya. Mai cewa yana yin komai, ba a tuna shi idan buƙata ta taso. Amma wanda aka sani da “yaron nan mai haɗa wa makarantu sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta” sunansa zai zagaya, domin masu makarantu suna haɗuwa a ƙungiyarsu ta NAPPS, kamar yadda masu magani da masu gidajen mai ke da nasu. Aiki na biyu a fage ɗaya ya fi na farko sauƙi da riba, tunda rabin abin an riga an gina shi. A kuma san lokaci. Ba a zuwa wa ɗan Kwari da sabon tsari ana saura kwana goma Sallah, ba a zuwa wa ɗan Dawanau da kaka ta kankama. Mai makaranta kuwa a lokacin hutu ake samunsa, kafin a koma sabon zango.

A nan 'yan mata masu wannan ilimi suna da wata dama da maza ba su da ita. Dubban mata suna gudanar da kasuwanci mai ƙarfi daga cikin gidajensu, na atamfa da turaren wuta da kayan ɗaki da abinci, ta WhatsApp da Instagram. Suna fama da rikicin oda da lissafi da masu kai kaya, kuma mace 'yar uwarsu ce za ta iya shiga ta zauna da su.

Intanet tana da nata gurbin a cikin wannan tsari. Wanda aka ba shi sunanka, kafin ya kira ka sai ya duba ka a Facebook. Idan ya tarar da gajerun bayanai cikin Hausa kan yadda ake gane alat na bogi ko yadda ake adana lissafi kada ya ɓata, tare da ayyukan da ka yi da izinin masu su, rabin cinikin ya faɗa. Idan kuwa zage-zagen siyasa ya tarar, ba sai an faɗa ba. Bajekolin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke shiryawa duk shekara a Kano da Kaduna ma wuri ne na haɗuwa da masu yanke shawara ido da ido.

Farashi, takarda da riƙon amana

Samun abokin ciniki daban, samun kuɗinsa daban. Al'adarmu tana ganin darajar abin da ake ɗauka a hannu, tana kuma raina aikin ƙwaƙwalwa. Mutumin da zai biya miliyan ya sayi kwamfutoci zai ga dubu ɗari ta yi yawa ga wanda zai sa su yi amfani. Aikin kyauta yana ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, kuma wanda aka yi wa kyauta, masu son kyauta yake turowa. Abin da ya fi shi ne ƙaramin aikin gwaji mai ƙaramin farashi, sito ɗaya ko aji ɗaya na tsawon wata guda. Gani ya kori ji.

Daga nan sai takarda, ko da shafi ɗaya ce, cikin harshen da ɓangarorin biyu ke ji: ga abin da za a yi, ga abin da ba ya ciki, ga ranar gamawa, ga kafin alƙalami, ga lokacin cikon kuɗi. Yawancin rigingimun wannan sana'a daga “ɗan ƙara mini kaza” suke farawa. A kuma sa kuɗin kulawa na wata-wata, domin abokan ciniki goma masu biyan kaɗan duk wata sun fi babban aiki ɗaya a shekara kwantar da hankali. Rajistar suna a hukumar CAC da asusun banki na sana'a ba ado ba ne, tunda makarantu da asibitoci da yawa ba za su tura kuɗi asusun mutum ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Abu mafi nauyi shi ne abin da ke biyo bayan biya. 'Yan kasuwa da yawa da ke gudun masu fasaha a yau, an taɓa cizonsu ne. Wani ya gina musu shafi da sunansa, ya riƙe lambobin sirri, ya sauya layin waya, ko ya sami aiki a Abuja ya bar su da na'urar da ba mai iya buɗewa. Kowane irin wannan yana rufe ƙofa ga mutum goma da za su zo bayansa. Miƙa wa mai abu makullansa, rubuta masa yadda ake amfani da shi, ɗaga waya ranar da abu ya lalace, waɗannan su ne tallar da ta fi kowace tasiri. Bayan wata uku abu yana tafiya daidai, babu kunya a ce, “Alhaji, cikin abokanka wa ke da irin wannan matsala?” A kuma roƙe shi ya kira mutumin da kansa.

Namu nauyin

Mu malaman jami'a muna da abin yi a nan. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Babu abin da ya hana a sa darasin fitar da farashi da rubuta yarjejeniya da tattaunawa da abokin ciniki, a kuma gayyato 'yan kasuwa su yi magana da ɗalibai. Aikin bincike na shekarar ƙarshe yana iya zama na wani shago ko asibiti na gaske, wanda mai shi zai sa hannu cewa abin yana aiki. Watannin koyon aiki na SIWES ma sun fi amfani a kamfanin shinkafa mai matsalar lissafi fiye da ofishin da ɗalibi zai wuni yana gadin kujera. Ɗalibin da ya fita da digiri da mutum ɗaya da zai shaide shi ya riga ya fara sana'a.

Su ma 'yan kasuwarmu, lokaci ya yi da za su ɗauki ilimin 'ya'yansu a matsayin kaya mai farashi. Asarar da ake yi a sito cikin wata guda sau da yawa ta fi ladan wanda zai toshe ta, araha kuwa ba ta ado.

Ga matashin da ke zaune yana jiran kira, shawarata ita ce ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen masu sana'a ashirin da ƙafarsa za ta iya kai shi wurinsu, ya rubuta a gaban kowanne wanda zai iya gabatar da shi. Ya zaɓi uku da matsalarsu ta yi kama, ya je ya saurare su a wannan mako. Mai yiwuwa biyu su ce za su neme shi. Na ukun, idan aka riƙe shi da gaskiya, shi zai kawo na huɗu.